Inda Gara Ta Ci, Nan Na Fara

Assalamu alaikum. Ni Bazazzagiya ce, a cikin ganuwa aka haife ni, a wani gida na ƙasa da ba shi da nisa da Ƙofar Kuyambana. Shekaruna arba'in da 'yan kai, Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu. Sana'ata zane, amma duk wanda ya shigo ɗakin da nake aiki, da ƙwaryar zare zai fara cin karo kafin idonsa ya kai kan gwangwanayen fenti. Ana yawan tambayata yadda aka yi fenti da saƙa suka haɗu a hannuna. Kwanan baya ma wata ɗaliba ta zo da takarda da biro, tana so in gaya mata littafin da na karanta na samo dabarar. Na ce mata ta zauna, maganar ta fi ƙarfin tsayuwa. Abin da na gaya mata shi ne zan ba ku yanzu.

Gidanmu gidan zare ne tun kafin a haife ni. Kakarmu, wadda muke kira Iya, kaɗi take yi. Na tashi na ga tana gurzar auduga ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da baka, sannan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari yana juyawa a cikin ƙoƙo. Baba kuma ɗinkin hannu na manyan riguna yake yi, shi da abokansa a zaure, tun hantsi har la'asar. Aska takwas, aska biyu, tambari a baya, duk a gabana aka ɗinka su. Amma ni ba allura ce ta fi ɗaukar hankalina ba. Akwai wani malami da yake zuwa ya zana fasalin aikin a jikin riga da tawada da alƙalamin kara kafin a fara ɗinki. Ba ya awo, ba ya gogewa, hannunsa kawai yake tafiya, sai ka ga askar ta fito tsaf kamar da ma tana kwance a cikin ƙyallen. Nakan laɓe a bayan ƙofa ina kallonsa, in ya tafi in ɗauki gawayi in je bayan ɗakin girki in kwaikwaya. Na sha faɗa a kan ɓata bango.

Inna ita ce mai saƙa. Wata ƙawarta 'yar Wusasa ce ta koya mata, ta tsinke biyu da ta kwarashi, tun tana amarya. Da zarar an yi ruwan ƙarshe, iska ta fara juyawa, sai mata su fara sallama: wannan tana son hular sanyi da safa, waccan rigar jariri, wata kuma shawul na fitar suna. Kawunmu da ke aiki a masaƙa a Kakuri yakan kawo mata zare in ya zo gida, har zuwa lokacin da masaƙun Kaduna suka fara durƙushewa, babbar masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Daga nan sai dai kasuwar Sabon Gari. Kowace zargiya da ke kan tsinke, Inna "ido" take ce mata, kuma tana ƙirga idanun a ranta tana hira da mutane, ba ta ɓata ko ɗaya. Tana da doka guda wadda ba ta karyawa: ba a ajiye saƙa a tsakiyar layi. Ko tuwo ne yake ƙonewa, ko baƙo ne yake sallama, sai ta kai ƙarshen layi za ta tashi. Ta ce in aka bari a tsakiya, zaren yana saki a wurin, kuma tabon ba ya ɓacewa ko an wanke.

Da kuɗin wannan saƙa aka ɗinka mini kayan makaranta, da shi aka biya kuɗin jarrabawata ta fita sakandare. Na san haka tun lokacin, amma sani daban, ganin girman abu daban.

Da na samu gurbin karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Baba ya yi shiru kwana biyu. A rana ta uku ya kira ni zaure bayan isha'i. Ya ce, "Na amince ki je. Amma ki riƙe mini abu ɗaya. Ki zana gini, ki zana itace, ki zana sama da ƙasa. Abin da aka hura wa rai kuwa, in kin gama abin da makaranta ta wajabta miki, ki bar shi." Na ce, "To, Baba." Har yau a kan wannan nake. Ba na sukar masu zana fuska, malamai sun yi bayani iri-iri a kan maganar, amma ni alkawari na ɗauka, kuma alkawarin bai taɓa ƙuntata mini ba. Bangon Zariya kaɗai ya ishi mutum aikin rayuwa.

A Samaru na ga wata duniya. Tsakanin gidanmu da can tafiyar mota ɗaya ce ko biyu, amma kamar na ƙetare teku. Na koyi haɗa launi, na koyi yadda haske ke faɗuwa a kan abu, na koyi ɗaure kanbas a jikin katako har ya yi ƙara kamar ganga in an buga shi da yatsa. An koya mana tarihin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tun wurin yana kwaleji kafin ya zama jami'a a 1962: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo. Abin da suka tsaya a kai shi ne, kada ɗan Najeriya ya ɗauki ilmin Turawa ya watsar da na gidansu, ya haɗa su biyun su zama nasa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Grillo kuwa duk wanda ya ga shuɗinsa zai tuna da adire na Yarbawa. Na haddace wannan duka, na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa maganar ta shafi ɗakin Inna. A tunanina, al'adar da ta cancanci shiga zane ita ce ta fada da ta masallaci: bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, ko adon da ke fuskar zaurukan attajirai. Saƙa kuwa abin mata ne na rage zaman banza da samun na cefane.

Akwai abin da har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ina aji biyu Inna ta saƙa mini jaka doguwa ta zuba burushi, shuɗiya da ratsin fari, ta yi wa kowane burushi gidansa. Dare uku ta yi tana yi a gaban fitila. Na karɓa na yi godiya, na kai makaranta na tura ta ƙarƙashin akwati. Na ci gaba da ɗaure burushina da roba, don kada a ce kayan jarirai na shigo da su ɗakin zane. Babu wanda ya ce mini komai, ni ce na yanke wa kaina wannan hukunci. Duk hutu sai ta tambaye ni, "Jakar tana yi miki aiki?" In ce, "Ƙwarai, Inna."

Aikina na kammala karatu shi ne fuskar zauren gidanmu, da fentin mai, ƙafa shida a tsaye, huɗu a kwance. Na zana zankwaye, da dagin da ke saman ƙofa, da yadda makuba ta yi duhu a inda ruwan indararo ke bi. Bayan haka aka yi aure, na tare a Tudun Wada, na fara koyarwa a sakandare, haihuwa ta zo a jere. Zanuka na kai su gida aka jingina a ɗakin ajiya. Shekara 11 ban buɗe fenti don kaina ba. A tsakanin nan Iya ta rasu, Baba ya bi ta, zauren da na zana ya tsage aka rushe shi aka yi na bulo.

Ana tsakiyar damina aka kira ni da hantsi aka ce Inna ta faɗi. Hawan jini ne, ya taɓa ɓarin dama, hannu da ƙafa, harshe ma ya yi nauyi. Da aka sallamo mu daga asibiti na roƙi maigida ya bar ni in koma gida in yi jinya, ya ce in je, Allah ya ba da lada. Ranar da muka dawo na ga ƙwaryar saƙarta a gefen tabarma yadda ta bar ta: farin shawul ya kai rabi, tsinke biyu a soke, kuma a tsakiyar layi. Na ɗauke na ɗora a kan sif don kada ta gani.

Bayan kamar sati uku, ina neman tsohuwar katifa a ɗakin ajiya, na jawo babban zanen nan. Gara ta hau ta bango ta bi katakon, ta cinye kanbas daga ƙasa ta hagu, rami ya fi faifai girma, daidai inda dakalin da Baba ke zama yake. Na fito da shi tsakar gida na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Zauren babu, mai zauren babu, ga shi hoton ma an ci.

Inna tana kwance a rumfa tana kallona. Sai na ji tana ƙoƙarin magana. Na matsa. Da ƙyar na gane: "Kawo... zare." Na ɗauka shawul ɗinta take nema, na ce, "Inna, ki bari sai kin ji sauƙi." Ta girgiza kai, ta ɗaga hannun hagu ta nuna ramin. Ta ce, "Cike."

Na ce, "Inna, wannan fenti ne, ba riga ba ce." Ta ƙura mini ido irin kallon da take yi mana muna yara in mun kawo wani uzuri. Na tashi na ɗauko buhun ragowar zarenta.

Ita ta zaɓi launi. Na riƙa ɗaga ƙulli-ƙulli tana ƙi, har muka zo kan wani ruwan ƙasa mai ja-ja, da wani mai duhu kamar makuba. Na ɗora idanu a tsinke, hannuna yana rawa don na daɗe ban riƙe ba. Ramin ba murabba'i ba ne, gefensa a karkace yake kamar taswira, don haka kowane layi sai an ƙara ido ko an rage. Ni sai na auna da takarda, ita kuwa da ido kawai take dubawa ta ɗaga yatsu: ƙara biyu, rage ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Mace ce da rabin jikinta ba ya motsi, kalma uku ba ta iya haɗawa, amma lissafin nan yana nan daram. A wannan zama na gane cewa abin da malamin zauren Baba ke yi da alƙalami, shi Inna ta yi shekara arba'in tana yi da tsinke. Kwana tara muka yi. Da na ɗinke facin a jikin kanbas na ja da baya na duba, sai na ga wurin da aka saƙa ya fi sauran zanen kama da bangon ƙasa. Bangon ƙasa yana da jiki, yana da gargada, hannu ne ya shafe shi. Fentina ya nuna launinsa ne kawai.

A daren na fito da jakar burushin nan, wadda ta bi ni har gidan aure ba a taɓa amfani da ita ba, na kai mata na gaya mata gaskiya. Ta shafa jakar da hannun hagu, ta daɗe, sannan ta ce, "Na sani."

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Fenti da zare ba sa shiri da sauƙi, na yi asarar kaya da yawa kafin in fahimci halinsu. Fentin mai yana cin zaren auduga a hankali in ba a yi masa shamaki ba, ga shi yana barin da'irar maiƙo a gefe, don haka na koma akirilik, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa. Shi kuma akirilik in ya yi kauri sai ya sandarar da saƙa ta zama kamar busasshiyar fata, taushin da aka yi ta dominsa ya tafi. Sai na koyi tsinka shi da ruwa sosai in riƙa shafawa sama-sama, kan zaren ya ɗauki launi, cikinsa ya zauna yadda yake. Zaren roba da ya cika kasuwa, wanda ake yi wa jarirai kaya da shi, ba ya shan rini irin namu, in an tsoma shi a baba sai ya fito kamar ba a yi ba. Auduga da ulu na gaske su ke sha. Ulu na gaske kuwa tsada gare shi, shi ya sa nake zuwa layin 'yan gwanjo a Sabon Gari in zaɓi tsofaffin rigunan sanyi, in warware su, in naɗe zaren a bayan kujera, in turara shi a kan tukunyar ruwan zafi har lanƙwasar ta miƙe. Farin zaren auduga nakan aika da shi marinar Ƙofar Mata a Kano a rino mini shi shuɗi hawa uku, daga mai haske zuwa wanda ya kusa baƙi.

Ita kanta saƙar tana da nata taurin kai. Saƙa mai santsi, wadda ake yin layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, gefenta naɗewa yake yi, kuma in an rataye ta nauyinta yana ja ta ƙasa. Wani aiki da na yi na ganuwa, bayan wata biyu a bango sai ga cikinsa ya zazzago. Tun daga nan na daina dogara da gam. Ina jiƙa saƙar in shimfiɗa ta in kafe da allurai ta bushe a kan girman da nake so, sannan in ɗinke ta da hannu a jikin kanbas, gefe da tsakiya, ɗinki ƙanana irin na Baba. Ga asu da ke cin ulu, ga ƙurar hunturu da ke shigewa cikin idanun saƙa. Duk wanda ya sayi aikina sai na gaya masa kada ya jingina shi da bango mai danshi, ya riƙa kaɗe shi da burushi mai laushi. Katako kuwa yanzu ba na ɗaura kanbas a kai sai na shafa masa maganin gara.

Wani lokaci ina fara zanen ne in bar gurbi don saƙa. Wani lokaci saƙar ce ke zuwa da farko, in shimfiɗa ta in zauna ina kallo har in ga abin da take nema a gefenta. Na yi Dutsen Kufena da zaren gwanjo ruwan toka, sama kuma fenti. Na yi kogin Kubanni da rani, ruwan shuɗin baba ne siriri, yashin kuma jar ƙasa da na niƙa na kwaɓa da ƙaro, yadda ake sa ƙaro a tawada don ta kama allo. Babban aiki yakan ci mini wata biyu zuwa uku, tunda ina koyarwa, ga kuma gida.

Da na fara fitar da su, ba kowa ya karɓa ba. Wani mai zane da nake girmamawa ya duba ya ce haɗin gambiza ne, in zaɓi ɗaya. Wata hajiya ta taya wani aiki da kuɗin shawul biyu, ta ce ai zare ne. Abin ya yi mini ciwo, don na ga rainin da na yi wa saƙa a dā ne yake dawo mini ta bakin wasu. Daga baya na ga ashe a wasu ƙasashe an daɗe ana wannan gwagwarmaya. Rosemarie Trockel ta Jamus ta ɗaura saƙar ulu a katako ta rataye a matsayin zane tun shekarun 1980, ko da yake ita da inji aka saƙa mata. Faith Ringgold ta Amurka, wadda ta rasu a 2024, ta haɗa fenti da ɗinkin ƙyallaye, kuma tare da mahaifiyarta ta yi na farko. Na ji daɗin sanin haka, amma ni inji ba zai yi mini ba. A saƙar hannu ana gane ranar da mai yi ta gaji da ranar da hankalinta yake kwance, idanun suna matsewa suna saki. Wannan nake so ya fito.

Hukuncin da ya fi zauna mini a rai ba daga masana ya zo ba. Wani tsohon abokin ɗinkin Baba, wanda muke kira Baffa, ya zo duba Inna, ya ga zanen zauren a jingine. Bai tsaya kallon gabansa ba, sai ya ce in juya masa bayan. Ya sa tabarau ya bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, yana neman inda na yi ha'inci. Da ya gama ya ce, "'Yar nan, hannun mahaifinki ne." Ya juya wajen Inna ya ce, "Lissafin kuma naki ne, Hajiya." Inna ta yi murmushi da ɓarin bakinta mai motsi.

Na kuma lura da wani abu a wurin baje koli. Maza sukan tsaya nesa su harɗe hannu a baya. Mata kuwa, musamman manya, matsowa suke yi har hancinsu ya kusa taɓawa, suna ƙirga layi, wata ta ce wa 'yar'uwarta, "Nan ta rage ido." Na cire takardar da ke hana taɓawa daga jikin aikina. Abin da aka saƙa don a taɓa shi aka yi.

Inna ta yi shekara uku da wata biyar a kwance. Duk aikin da na fara, sai na ɗauko shi a Keke Napep na kawo mata ta zaɓi zare. Ta rasu ranar wata Alhamis da asuba, Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da Baba da Iya a Aljanna.

Tun farkon ciwonta akwai abin da ya dame ta, ta yi ta nuna sif tana cewa "kuɗi". Sai daga baya na gane: farin shawul ɗin nan wata mata ce daga Anguwar Juma ta ba da aikinsa, har ta ba da rabin kuɗi. Na nemo ta na mayar mata, ta ƙi karɓa, na saƙa mata wani na kai kafin suna. Shi kuwa na Inna ban iya taɓa shi ba sai bayan sadakar arba'in. Na ɗaura kanbas, na zana rumfar tsakar gidanmu da hasken hantsi yana ratsowa ta zana, da tabarma, da ƙwarya. Na ɗinke shawul ɗin a kai yadda yake, da tsinkensa biyu a soke, zaren ya sauko har ƙasan katako da ƙullinsa a rataye. An taya shi sau uku, ban sayar ba.

Watannin baya matar Anguwar Juma ta zo gidana da yarinyar da aka yi odar shawul ɗin dominta, har ta shiga firamare. Ta tsaya gaban zanen ta gane shi nan take. Ta ce, "Maman yara, ba za ki ƙarasa mata layin ba?" Na ce ido 160 ne a layin, Inna ta saƙa 94, saura 66. Na sha ɗaukar tsinken in mayar. Ta yi shiru, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a kan inda saƙar ta tsaya, ta ce mata, "Taɓa nan, ki yi wa mai shi addu'a." Yarinyar ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, muka shafa.